Kalmar "passive": tsakanin ginin jimla da halin mutum

Ɗalibar Turanci:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da tambaya a kan kalmar "passive", wadda take zuwa da fuska biyu a Turanci. A darasin nahawu ana kiran jimla irin "The window was broken" da wannan suna, kuma masu gyaran rubutu suna yawan ja mata layi suna cewa rauni ce. A maganar yau da kullum kuwa, idan aka ce wane "passive" ne, ana nufin mutum mai sanyin jiki, wanda sai yadda aka yi da shi. Abin da nake son sani shi ne, shin akwai dangantaka ta haƙiƙa tsakanin ma'anonin biyu, wato irin wannan jimla tana nuna mutuwar zuciyar mai rubutu ne, ko kuwa suna ne kawai ya haɗa su?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tushen kalmar ɗaya ne, amma aikinta a wuraren biyu ya sha bamban. Ta samo asali ne daga kalmar Latin "pati", wadda ke nufin jurewa ko abu ya auka wa mutum, kuma daga wannan tushe ne Turanci ya samu "patient" da "patience" da "passion". A nahawu, abin da sunan yake faɗa bai wuce wannan ba: wanda aka sa a farkon jimla shi ne wanda aikin ya faɗa wa, ba wanda ya aikata ba. A "The boy broke the window" aikau (mai yin aikin) ne ya zo a gaba, karɓau (wanda aikin ya faɗa wa) ya biyo bayan aikatau (kalmar aikin). A "The window was broken by the boy" karɓau ya hau kujerar gaba, aka kawo wani nau'i na "be" tare da siffar aikatau ta uku, wato "broken", sa'an nan aikau ya koma ƙarshe a bayan "by", ko kuma a bar shi gaba ɗaya. Bari in riƙa kiran na farkon sigar aikau, na biyun kuma sigar karɓau, domin mu huta da maimaita Turancin.

Babu wani abu a wannan gini da ya shafi halin mai magana. Akwai jimlolin da ke sigar aikau alhali wanda ke gaba bai aikata komai ba, kamar "He received a blow" ko "She suffered a great loss". Akwai kuma abubuwan da ba a saba faɗinsu ba sai da sigar karɓau, kamar "I was born", wadda jarumi da rago duka suke faɗa iri ɗaya.

Edita:
Ranka ya daɗe, na yarda da bayanin ginin, amma ban yarda cewa babu ruwansa da hali ba. Duk wanda ya daɗe yana karanta sanarwar hukumomi da kamfanoni ya san inda suke fakewa idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A jawabinsa ga majalisar dokokin Amurka a watan Janairu na 1987, bayan da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta fito fili, Shugaba Ronald Reagan cewa ya yi "serious mistakes were made". An tafka kurakurai, in ji shi, amma wa ya tafka su? Jimlar ta ba shi damar amsa laifi ba tare da ya ɗauki laifin ba, kuma tun daga lokacin 'yan siyasa da yawa sun bi sahu. Shi ya sa marubucin Birtaniya George Orwell, a maƙalarsa ta 1946 a kan siyasa da harshen Turanci, ya kafa doka cewa kada a yi amfani da sigar karɓau a inda sigar aikau za ta yiwu. Ni a wurin aikina da wannan doka nake gyara wa matasan marubuta, domin mai karatu yana da haƙƙin ya san wanda ya yi abu.

Tsohon Malami:
Malam Edita, haƙƙin mai karatu da ka ambata gaskiya ne, sai dai ka kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Dubi waɗannan jimloli biyu: "The man was shot by the police" da "The man died in custody". Ta farko tana sigar karɓau, amma ta ambaci wanda ya yi harbin ƙarara, har ma ta ajiye shi a ƙarshen jimla, wurin da Turanci ya fi ba wa nauyi. Ta biyu tana sigar aikau tsantsa, babu "be" babu "by", amma ita ce ta binne mai laifin. Haka "A shooting occurred" da "Violence broke out" suke. Wanda yake son ya ɓoye aikau yana da ƙofofi da yawa, kuma sigar karɓau ɗaya ce kawai daga cikinsu.

Shi Orwell ɗin da ka kafa hujja da shi, jimlar farko ta wannan maƙala tasa tana ɗauke da "it is generally assumed", wadda sigar karɓau ce. Ban ga laifinsa ba, domin a wurin ita ce ta dace. Dokar ce ta fi ƙarfin mai ita. Masanin harshe Geoffrey Pullum na Jami'ar Edinburgh ya yi rubutu a 2009 da kuma 2014 yana nuna cewa da yawa daga masu sukar wannan siga ba su ma iya gane ta ba, duk jimlar da ta yi musu sanyi sai su laƙa mata sunan. Ya nuna cewa a shahararren littafin salon rubutu na Strunk da White, a cikin misalai huɗu da aka jera a ƙarƙashin shawarar a yi amfani da sigar aikau, uku ba sigar karɓau ba ne ko kaɗan.

Amfanin sigar na gaskiya shi ne tsara labari. Turanci yana son a fara jimla da abin da mai karatu ya riga ya sani, a ƙare da sabon abu. Idan kana ba da tarihin wata gada, sai ka ce "The bridge was designed by a young engineer", domin gadar ce zancen. Idan ka juya ta don bin doka, ka yanke zaren maganar ke nan.

Malamar Hausa:
Ina ganin idan muka waiwayi harshenmu za mu fi ganin abin da Malam yake nufi. Hausa ba ta da gini irin na Turanci mai juya karɓau gaba sannan a maƙala aikau a ƙarshe. Ba ma cewa "an kama ɓarawo ta 'yan sanda", sai dai a fassarar da ba ta nuna ba. Abin da muke da shi hanyoyi biyu ne. Na farko shi ne wakilin suna maras tantancewa, wato "an", "aka", "ana", "za a", inda karɓau yake zaune a wurinsa amma ba a faɗi wanda ya yi ba. Na biyu shi ne aikatau na giredi na bakwai a tsarin rabe-raben aikatau da masanin Hausa F. W. Parsons ya shimfiɗa, masu ƙarewa da wasalin "u", kamar gyaru da ɗauru da karantu. Shi wannan giredi yana ƙara wata ma'ana da Turanci ba ya bayarwa a kalma ɗaya, domin "mota ta gyaru" tana nufin gyaran ya yi kyau sosai, "ba ta gyaruwa" kuma tana nufin gyaran ba mai yiwuwa ba ne.

Yanzu ku lura da yaron da kofi ya suɓuce masa. Da wuya ya zo ya ce "na fasa kofi". Zai tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, ya ce "kofi ya fashe", kamar kofin ne ya ga dama ya tashi daga kan tebur. Bai yi amfani da "an" ba, bai san wani nahawu ba, amma ya san yadda zai fitar da kansa daga jimla. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ce wa babba "an dawo lafiya?" ko "an gaisheka" ba ɓoye kowa yake yi ba, girmamawa ce. Rashin ambaton aikau yana iya ɗaukar ladabi a wannan baki, ya ɗauki zamewa a wancan.

Almajirin Nahawu:
Allah ya saka da alheri, Malama. Malaman nahawun Larabci sun daɗe da yi wa wannan mas'ala filla-filla. Suna kiran aikatau ɗin mabniyyi lil majhuli, inda "kataba" yake komawa "kutiba", abin da ya maye gurbin fa'ili, wato aikau, kuma suna kiransa na'ibul fa'ili. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya yanke hukuncin cewa ginin mai kyau ne ko maras kyau ba, dalilan share fa'ili suka jera. Ana share shi don ba a san shi ba, ko don kowa ya san shi har ambatonsa ya zama ɓata lokaci, ko don ana jin tsoronsa, ko don ana ji masa tsoro ana son a rufa masa asiri, ko don a girmama shi kada a haɗa sunansa da abin ƙi, ko don a taƙaita magana. Idan Malam Edita ya duba, abin da yake ƙorafi a kai ɗaya ne ko biyu daga cikin waɗannan dalilai, sauran kuwa halal ne.

Edita:
Na ji, kuma jerin dalilan ya yi ma'ana. Amma ku amsa mini wannan: a cikin manyan littattafan nahawun Turanci an ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin biyar na jimlolin sigar karɓau ba sa ambaton aikau. To, idan ƙofa ɗaya ce ta fi kowace faɗi, ai ba zalunci ba ne a sa mata mai gadi.

Mai Nazarin Halayya:
Bari in shigo da wani bincike da yake ba wa kowannenku rabin gaskiya. A 2010 Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, a Jami'ar Stanford, sun ba mutane labarin wata mata da gobara ta tashi ta dalilinta a gidan cin abinci. Wasu sun karanta labarin da jimlolin da suka sa matar a matsayin mai aikatawa, wasu kuma sun karanta shi da jimlolin da suka nuna kamar abubuwan ne suka faru da kansu. Waɗanda suka karanta nau'in farko sun fi ɗora mata laifi, kuma sun yanke mata tara mafi yawa, alhali abin da ya faru ɗaya ne. Wannan ya tabbatar da damuwar Malam Edita, cewa ginin jimla yana canza hukuncin mai sauraro. Sai dai jimlolin da suka sassauta mata laifin ba sigar karɓau ba ne, irin na yaron Malama ne, wato "kyandir ya faɗi", "wuta ta kama". Saboda haka mai gadin yana da aiki, amma idan ƙofa ɗaya kawai ya tsare, za a riƙa wucewa ta bayansa.

Ɗalibar Turanci:
Na gode ƙwarai, ɓangaren nahawun ya fito mini. Saura ɓangaren hali. Shin duk wanda ya zura ido bai yi komai ba ya cancanci wannan suna, kuma kullum aibi ne?

Mai Nazarin Halayya:
Ƙanwata, a nan ma suna ɗaya ne yake rufe abubuwa da yawa. Akwai naɗe hannun da yake zuwa bayan mutum ya gwada ya gwada bai ga canji ba. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka a Jami'ar Pennsylvania, inda aka riƙa jona wa wasu lantarki ta yadda babu abin da za su yi ya tsaya. Daga baya aka sa su a akwatin da tsallake ɗan gajeren shinge kawai zai cece su, amma mafi yawansu suka kwanta suna kuka, ba su ko gwada ba, alhali karnukan da a baya aka ba su hanyar tsayar da lantarkin sun yi ta tsallakewa. Aka kira wannan koyon gazawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a 2016 mutanen biyu sun sake duba maganarsu bisa binciken ƙwaƙwalwa, suka ce daskarewa a gaban wahala mai tsawo ba koyonta ake yi ba, ita ce ta asali. Abin da ake koya shi ne cewa mutum yana da iko a kan abin da ke faruwa da shi. Idan haka ne, ma'aikacin da ya daina kawo shawara a taro bayan an yi watsi da shawarwarinsa shekara da shekaru ba lallai rago ba ne, kuma zagi ba zai tashe shi ba. Abin da zai tashe shi shi ne ya ga wata magana tasa ta yi tasiri, ko da ƙarama ce.

Akwai kuma zama ɗan kallo a cikin taro. A 1968 John Darley da Bibb Latané sun sa ɗalibai suna tattaunawa ta na'ura daga ɗakuna daban-daban, sai aka jiyar da su muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne suke jinsa, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman taimako kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne kawai suka yi haka. Ba mugunta ba ce, kowa ne yake cewa a ransa za a yi wani abu. Kuma a nan ne kaɗai nake ganin nahawu da hali suna gaisawa, domin wannan "za a" ɗin ba ta da mai ita. Shi ya sa masu koyar da taimakon gaggawa suke cewa kada ka yi kira ga taro, ka nuna mutum ɗaya ka ce kai, kira motar asibiti.

Edita:
Ka bar nau'in da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wanda Turawa ke kira "passive-aggressive". Shi ne mutumin da za ka ba shi aiki ya ce "to", fuska a sake, sa'an nan ya yi ta jan ƙafa, ya manta da gangan, ya kawo rabin aiki a makare, idan ka yi magana ya ce ai shi bai ce komai ba. Likitocin sojan Amurka ne suka fara amfani da lafazin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don bayyana sojojin da ba sa ƙin umarni a fili amma suna kashe shi da noƙewa da ɓata lokaci. Wannan ba sanyin jiki ba ne ko kaɗan, faɗa ne ake yi da kai ba tare da an ɗaga murya ba.

Tsohon Malami:
Misalinka ya taimaki hujjata, Malam Edita, domin ya nuna cewa rashin motsi a zahiri ba ya faɗa maka abin da ke ciki. Ga wani misalin daga ɗaya gefen. Lokacin da Mahatma Gandhi ya fara jagorantar Indiyawa a Afirka ta Kudu a 1906 don ƙin dokar rajista da aka ƙaƙaba musu, Turawa sun kira abin "passive resistance". Shi da kansa bai gamsu da sunan ba, domin yana ba da hoton makamin raunana, sai ya koma ga kalmar "satyagraha", wato riƙo da gaskiya. Wanda ya taka kusan kilomita 385 a ƙafa cikin kwana 24 a 1930 a Indiya don ya karya dokar gishiri ta Turawan mulkin mallaka, yana sane da cewa kurkuku na jiransa, ba za a ce masa mai mutuwar zuciya ba. Haka Rosa Parks, baƙar fata 'yar Amurka, wadda a ranar 1 ga Disamba 1955 a garin Montgomery abin da ta yi kawai shi ne ta ci gaba da zama a kujerarta ta bas lokacin da aka ce ta tashi ta bar wa farar fata. Zaman nan ya jawo ƙaurace wa motocin na kwana 381. A idon mai kallo ba ta motsa ba, amma babu wanda ya aikata abu a cikin motar nan kamarta.

Almajirin Nahawu:
Wannan ya kawo mu ga bambancin haƙuri da mutuwar zuciya, waɗanda mutane suke yawan cakuɗawa. A fahimtata mai haƙuri yana da ikon ramawa ko tashi, amma ya zaɓi ya danne saboda wata manufa da yake hange. Mai mutuwar zuciya kuwa ba zaɓa ya yi ba, ya daina ganin cewa akwai zaɓi. Kawaici ma haka yake, domin mai kawaici ya gani sarai, kawar da kai ya yi da niyya.

Mai Nazarin Halayya:
Rabon ya yi kyau a takarda, Malam, amma a aikace iyakar ba ta fita haka. Mutane da yawa da tsoro ya daskarar da su suna kiran halinsu haƙuri, domin sunan ya fi daɗin ji, kuma waɗanda suke amfana da shirunsu su ne kan gaba wajen yaba musu. Ni gwajin da nake yi shi ne in tambayi mutum abin da yake jira, da kuma abin da zai sa ya daina jira. Mai haƙuri na gaske yakan iya ba da amsa. Wanda ya sallama kuwa yakan ce haka abin yake, kuma ya tsaya a nan.

Almajirin Nahawu:
Ban ƙi gwajin ba, sai dai akwai wanda yake jure abin da ba shi da ranar ƙarewa, kamar mai jinyar wanda ba a sa ran warkewarsa. Ba zai iya faɗa maka abin da zai sa ya daina ba, kuma ba na jin za ka ce zuciyarsa ta mutu.

Mai Nazarin Halayya:
Ba zan ce ba, domin shi kullum yana tashi yana aikata wani abu, yana wanki, yana ba da magani, yana kwana a zaune. Sakamakon ne ba ya hannunsa, aikin kuwa yana hannunsa.

Ɗalibar Turanci:
Malamaina, kafin a rufe, ina da jimloli biyu a rahoton da nake rubutawa, kuma na'urar gyaran rubutu ta ja wa dukkansu layi. Ta farko ita ce "The samples were heated for ten minutes", ta biyu kuma "It was decided that the second test should be cancelled". In canza su duka?

Tsohon Malami:
Ki bar ta farko yadda take, 'yata, domin mai karatu samfuran yake bi, kuma ko wa ya kunna wutar sakamakon ɗaya ne. Ta biyun ce take buƙatar gyara, saboda soke gwaji shawara ce da wani ya yanke, kuma mai duba rahoton zai so ya san wanda zai tambaya dalili. Idan ke ce, ki rubuta "I decided". Idan kwamiti ne, ki ambace shi, ko da kin bar jimlar a sigar karɓau kin ƙara "by the committee".

Edita:
A ta biyun ni zan fi son a juya ta gaba ɗaya a fara da kwamitin, domin ta fi gajarta da kalma uku. Ta farkon kuwa ko a teburina za ta wuce ba tare da jan biro ba.